Wancan na Kumasi

Har yau in ƙamshin daddawa ya haɗu da hayaƙin kananzir a hancina, sai in ji hannuna na dama yana neman alƙalami. A ɗakin kakata na koyi rubuta wasiƙa, a Funtuwa, wajejen 1965, ina aji biyar na firamare. Ɗakin ƙasa ne mai duhu ko da rana tsaka, jeren tasoshi da ƙore a bango guda, randa a lungu da moɗa a kife a kanta. Bayan sallar isha'i za ta turo a kira ni. "Ina maigidan nawa? Ɗauko takardarka, yau da aiki." Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, mu kuwa duk gidan Iya muke ce mata. Sai in yago falle biyu daga tsakiyar littafin lissafi, in kwanta rub da ciki a tabarma kusa da fitilar ƙwai, in jira ta gyara zama.

Baffana za a rubuta wa, wan mahaifina. Fataucin goro ya kai shi Kumasi tun ba a haife ni ba, ya sami wuri a zango, ya yi aure, ya zauna. Shi ne ɗan farin Iya, saboda haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan na Kumasi" take cewa, tana ɗan kau da kai gefe. Sunan da zan rubuta a bayan ambulan sai dai in je zaure in tambayi Baba.

Farkon wasiƙa ba ya ba ni wahala, don kowa ya san shi: takarda ta fito daga hannun wance zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Daga nan sai Iya ta ɗauka. A gaida matar gidan. A gaida yara, ɗaya bayan ɗaya, har da na goye wanda ba ta taɓa gani ba. A gaida mai masaukin da ya karɓe shi tun farkon zuwansa, a gaida limamin unguwarsu. Sai labarin gida: damina ta yi kyau, auduga ta yi kuɗi bana, jar akuya ta haifi biyu, wance ta tare, wane ya riga mu gidan gaskiya. Falle biyu za su cika ba a gaida mai wasiƙar ba. Can ƙarshe, na fara hamma, sai ta ce, "Ka faɗa wa matar gidan na ba wa wani mai tafiya kuka da daddawa. Ta riƙa sa wa a miya. An ce can ba a samun ta kirki."

Abin ya riƙa damuna. Na ga kamar an yi wa Baffa rowa. Sai na ɗauki wata ɗabi'a: kafin in rubuta haza wasalam, in ƙara layi guda daga kaina, cewa Iya tana kewarka ƙwarai, kullum tana ambatonka. In ina maimaita mata abin da na rubuta, sai in tsallake wannan layin.

Da safe in tafi gidan waya. Ina iya tuna ɗanɗanon bayan kan sarki a harshe, da ƙarar hatimi a kan teburin katako. Amsa takan yi wata guda, wani lokaci biyu. Ba mu da akwati na kanmu, ta hannun wani mai kanti a bakin kasuwa take zuwa. Shi zai ba yaronsa, yaron ya ba wani mai keke da zai bi ta layinmu, mai keken ya miƙa wa Baba a zaure, Baba ya juya ta ya duba kan sarkin Gana, sannan ya ƙwala mini kira. Kafin ta isa ɗakin Iya rabin unguwa sun san an sami takarda daga Kumasi. Matan maƙwabta za su shigo bayan magariba, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in karanta sau biyu, wani lokaci sau uku in wata ta makara. Wasiƙar mutum ɗaya ce, amma mutum ashirin ke cin moriyarta, kuma kowa ya tashi da nasa rabon gaisuwar.

Waɗannan hannuwa da saƙo ke bi su na fi tunawa. Mu yara ma ai wayar unguwa ne. Iyayenmu mata ba sa fita da rana, amma ba abin da ke faruwa a gari da ba su sani ba. "Je ka gidan Gwaggo, ka ce ina gaishe ta, ya mai jiki?" Ka tafi da kwanon tuwo a ka, ka durƙusa ka isar da saƙo kamar yadda aka ba ka, ka dawo da amsa da ɗan tukuicin gyaɗa. A hanyar nan muka san gidajen dangi, muka san wa ake durƙusa wa, wa ake wasa da shi, wace magana ake faɗa a zaure, wace ake jira sai an shiga ɗaki. In biki ne ko suna, goro za a ƙulla a raba gida-gida. In maganar hukuma ce, mai shela ya zaga gari da yamma, a tsaya cak da daka har sai ya wuce.

Saƙo ɗaya ne ba ma son gani, wanda ake bugowa ta waya. Wayar ƙarfe ce ta gaske, tana bin turaku a gefen layin dogo, ita ce ma ta ba gidan waya sunansa. Da kalma ake biyan kuɗinta, Bahaushe kuwa ba ya iya gaisuwa da kalma biyar, don haka ba mai buga ta sai dole ta yi. In aka hangi masinja a kan keke ya nufo ƙofar wani gida da 'yar takarda, mata sun fara salati tun bai jingine keken ba. Yau jikokina suna riƙe da abin da ba zare ko ɗaya a jikinsa, suna ce masa waya, ba su san daga inda sunan ya taso ba.

Rediyon farko a layinmu na wani tela ne. Yana da rigar fata, an ɗaura masa eriya a dogon gora a kan soro, in batir ya yi sanyi a jera shi a rana ya sha zafi. Kafin zuwansa, hirar dare a bakin wani malamin makaranta take, shi ke karanta wa dattawa Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ake bugawa a Zariya tun 1939. Da akwatin ya zo sai majalisa ta koma ƙofar tela. Kaduna ake kamawa a kan mita 49, gidan da gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962, in lokaci ya yi a murɗa a nemo Landan, wadda ta fara magana da Hausa tun 1957, muryar tana tafiya tana dawowa kamar mai magana a cikin iska. A ƙofar nan muka tsaya ranar Asabar 15 ga Janairun 1966, ranar da aka kashe Sardauna, muna cikin azumi. Keken ɗinki bai motsa ba ranar. Manyan mutane sun kewaye ɗan akwati, hannuwa a baya, ba mai kallon wani. Ban gane duk abin da ake faɗa ba, amma na ga hawaye a gemun mahaifina, abin da ban taɓa gani ba. Da aka kira sallar magariba, aka sha ruwa ba hira.

Shekara ta zagayo, Baba ya sayar da auduga ya sayo namu. Iya ta karɓe shi kamar baƙo. In mai gabatar da shiri ya yi sallama, sai ta gyara lulluɓi ta amsa masa cikakkiya. In Shata ya fara, ta ce a ƙara murya. In labarai ne, ta ce a rage, kada batir ya ƙare a kan rigimar mutanen da ba ta sani ba. Masu kawo rediyo ƙasar nan labarai da sanarwar gwamnati suka sa a gaba, mu kuwa da ya shigo hannunmu sai muka ɗora masa abin da muka fi iyawa. Cigiyar yaron da ya ɓata, sanarwar rasuwa, da uwa uba gaisuwa. Shirin Zaɓi Sonka ya mai da mutane sanannu ba don sun yi komai ba sai don yawan gaida jama'a. Mutum yana Gusau ya yi aboki a Yola, su shekara goma suna gaisawa ta bakin mai karanta kati ba su taɓa haɗuwa ba, ran da suka haɗu kuwa sai ka rantse 'yan ɗaki ɗaya ne.

Ni ma na tara kwabbaina na aika da kati da sunan Iya, ban gaya mata ba. Wata rana da hantsi tana tsince shinkafa, sai ga sunanta ya fito daga akwati, a Funtuwa, tana gaida ɗanta wane a zangon Kumasi. Sunan nan da ta yi shekara arba'in tana kewaye shi, ga wani namiji ya faɗe shi ɓaro-ɓaro a jere da nata, duk duniya na ji. Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Wannan bawan Allah ba shi da ta ido?" in ji ta. Matan gida suka yi ta dariya. Amma ba ta ce a kashe ba, kuma na lura har aka gama shirin ba ta ƙara tsince ko ƙwaya ɗaya ba.

A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana. Wasiƙa ba ta da saurin da za ta riga mutane isowa. A rediyo muka ji, muka zuba ido. Wata safiya cikin hunturu sai ga Baffa a ƙofar gida, da mata da yara da ƙullin kaya, ƙura ta yi musu fari fat. Iya ta leƙo, ta ɗauki ƙaramin jikan ta rungume, ta yi wa surukarta sannu da hanya, ta dubi gefen bango ta ce, "An zo lafiya?" Ta koma ɗaki. Jim kaɗan ta aiko a kama zakaran nan da ta hana a yanka ko da Sallah.

Bayan kwana biyu Baffa ya kira ni zaure. "Kai ne mai alƙalamin?" Ya buɗe wata jakar fata, ga wasiƙuna a ɗaure da zare, duk da ya baro gado da kujeru da bashin da yake bin mutane. Shi ma bai iya boko ba, wani yaro ne ɗan maƙwabcinsa ke karanta masa. Ashe tsakanin uwa da ɗanta mu biyu ne, ni da wani yaron da ban taɓa gani ba. Ya ce gaisuwar rediyo ma ba shi ya ji ba, wani mahauci ne ya ji ya sheƙo a guje har rumfarsa. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Layin nan na ƙarshe, na kewa, na san naka ne. Allah ya yi maka albarka. Nata shi ne na kuka da daddawa. Shi nake sa a maimaita mini."

Zamanin kaset ya zo da kuɗin mai, alhazai na dawowa daga Makka da rediyo mai baki biyu a kafaɗa. A lokacin wana, ɗan farin Inna mahaifiyarmu, ya koma Legas, yana Agege. Sai aikina na rubutu ya ƙare, na zama mai danna maɓalli: ja da na kusa da shi, a tare. Rabin sa'a kowane gefe. A tara gida a tsakar gida, a kori kaji, a ce kowa ya yi shiru, sannan a rasa mai farawa. Wanda ke cika gida da surutu sai ya ga abin yana juyawa ya daskare, ya ce "To, ina gaisuwa," ya ja da baya. Amma wannan na'ura ta yi wa iyayenmu abin da takarda ba ta yi ba, ta ba su bakinsu. Ba sauran yaro a tsakani da zai ƙara ko ya rage. Inna kuwa ta bi sawun surukarta Iya sak: da matar Yaya take magana, da yaransa, shi ko ƙala. A naɗe kaset a tsumma, a kai tasha a ba direban motar shanu, shi ma a haɗa shi da gaisuwa da ɗan goro.

Wayar tarho ta daɗe tana gidajen manya da ofisoshi. Kafin 2001 layukan da ke aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 100. A watan Agustan shekarar, zamanin Obasanjo, wayar salula ta shigo. Kuɗin layi kaɗai ya isa sayen tumaki, kira kuwa Naira 50 ne minti ɗaya, ko da daƙiƙa biyu ka taɓa daga cikinsa. Nan gaisuwarmu ta gamu da gwaji. Mutanen da suka saba tambayar gajiya da iyali da sanyi da kasuwa kafin a zo ga magana, sai ga su suna "Lafiya-lafiya, saurara, kati zai ƙare." Na ga wani dattijo a ƙarƙashin lemar masu buga waya a bakin tasha, ya biya kuɗin minti uku, ya ƙarar da su duka a gaisuwa, ya miƙa wayar ya tafi da fara'arsa. Da aka tuna masa bai faɗi abin da ya kawo shi ba, ya ce ai ya ji lafiyarsu, sauran zance direba zai kai.

Ba a daɗe ba muka lanƙwasa ta ita ma. Muka ƙirƙiro filashin, mutum ya ce ina nan, ina tuna ka, ba tare da ya kashe kwabo ba. Samari suka koma raba dare saboda kiran da ake bari kyauta bayan sha biyu. A 2003 kamfanin Glo ya zo da lissafin daƙiƙa, gaisuwa ta ɗan sami sarari ta miƙe ƙafa. Manomi ya ji farashin masara a Dandume ko Dawanau kafin ya ɗora buhu a mota. Matar da ke cikin gida ta sayar da atamfa da turaren wuta har Kano ba ta taka zaure ba. Mai naƙuda da tsakar dare ta sami mota. Ba zan ce waɗannan ƙananan alherai ba ne, ni da na ga lokacin da ake binne mutum da mako biyu kafin ɗansa ya ji.

Sai dai hannuwan nan sun ragu. Ba a aiken yaro gidan Gwaggo, an kira ta. Jikana na wajen ɗiyata ya san lambar ƙanwar kakarsa, bai san ƙofar gidanta ba. Goron gayyata ya zama hoton kati a WhatsApp, ta'aziyya ta zama layi biyu da ake turawa ana cikin cin abinci. Da can cewa ake zumunta a ƙafa take, yanzu ta fi zama a babban yatsa, kuma ni ma da yatsan nake yin tawa tun da gwiwa ta fara ƙi. Saƙon da ke bi ta hannun mutum biyar yana da masu tace shi biyar. Wani zai ce, dakata, wa ya faɗa maka? A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, wayata ta yi ƙara kafin asuba har sau huɗu, duk 'yan'uwa ne, kowa na roƙona in tashi iyali mu yi wanka da ruwan gishiri. Ba gaskiya a cikin maganar, har wasu suka cutu da shan gishirin. Amma duk wanda ya kira ni a daren, ƙauna ce ta hana shi barci. Rediyo mai jini ya sami abin hawa, kuma a kan zumuncin namu ya hau.

Kunyar ma ta sauya kaya. Ɗiyata tana kiran ɗan farinta da sunansa, fuska da fuska a waya, yana makaranta a Zariya, har ta ce masa tana kewarsa. Layin da na riƙa satar sakawa a wasiƙa, ita a fili take faɗinsa. In na ji, wani ɓangare na zuciyata yakan yi daɗi, wani ɓangaren kuma ya nemi gefen bango ya kalla. Yayata kuwa, da ba ta yi boko ba, ta gano saƙon murya ta riƙe shi da hannu biyu. Minti bakwai take turo mini, ta fara da sallama, ta bi mutanen gidana ɗaya bayan ɗaya har da na goye, ta ba ni labarin damina da awaki, maganar da ta sa ta kira sai can ƙarshe.

Bara, a wajen sunan wata jikarsa, Yaya ya jawo ni gefe ya fito da kaset daga aljihun babbar riga. An rubuta 1981 a jikinsa, da rubutuna. Ba a sami rediyon da zai juya shi ba a duk layin, sai da wani jikansa ya kai kasuwa wajen masu tura waƙoƙi, aka juye shi a waya. Bayan isha'i muka zauna a zaure mu uku. Ga muryar Baba, ga tarin Baffa, ga ni ina cewa a yi shiru. Inna ta zo ta gaida surukarta da yara, ta ce ta ba direba kuka da kuɓewa busasshiya. Daga nan aka ji mutane suna watsewa. Ashe ban ɗaga maɓallin ba. Ana jin daka daga maƙwabta, wani almajiri yana bara a ƙofa, can nesa jirgin ƙasa ya yi kuka. Sai muryar Inna, ƙasa-ƙasa, tana magana da abokiyar zamanta, ba ta san ana ɗauka ba: "An ce can kullum ruwa. Yaron nan kuwa tun yana goye ba ya shiri da sanyi."

Yaya ya haura saba'in da biyar, gemunsa fari tas. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya dubi jikan nasa.

"Ɗan mayar da shi baya kaɗan," in ji shi. "Daga wajen kukan jirgin."